Musayar Kan Silinda Tsakanin Injuna Domin Ƙara wa Mota Ƙarfi

1.0 Gabatarwa

Injin mota mai shan fetur manyan sassa biyu ne waɗanda aka ɗaure da notuna. Sashen ƙasa shi ne gangar inji, wadda kanikawa ke kira bulok, a cikinta ne ramukan silinda suke, inda fistin ke hawa da sauka. Sashen sama kuwa shi ne kan silinda, wato murfin da ya rufe waɗannan ramuka. Da yake ana iya kwance kai a mayar da shi, tun da daɗewa masu sha'awar gudun mota, musamman a Amurka, suka gano cewa ana iya ɗauko kan wani inji a ɗora wa gangar wani, domin a sami ƙarfin da kamfani bai ba motar ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wannan musaya take ƙara ƙarfi, da kuma yadda takan zama ajalin inji idan aka wadatu da cewa ramukan notuna sun dace da juna.

2.0 Aikin da kai yake yi

A cikin kan silinda ne bawuloli suke, da hanyoyin da iska da fetur ke bi su shiga, da waɗanda hayaƙi ke bi ya fita, da mazaunin fulogi, da kuma ɗan kogon da wuta ke kamawa a cikinsa, wanda za a kira kogon ƙuna a nan. Ƙarfin inji ya dogara ne a kan yawan iskar da ya iya shaƙa, domin fetur ba ya ƙonewa yadda ya kamata sai an gauraya awo 1 nasa da kimanin awo 14.7 na iska, bisa nauyi. Ƙara fetur abu ne mai sauƙi, shigar da iska ita ce wahala. Idan inji yana juyi 6,000 a minti, kowane bawul na shigar iska yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa guda. A wannan ɗan lokaci, duk wata lanƙwasa ko ƙunci a hanyar iska tana rage abin da silinda za ta samu. Saboda haka kan da ya fi kyawun hanyoyi yakan ƙara ƙarfi ko da ba a taɓa kome a ganga ba.

Abu na biyu shi ne matsi. Girman kogon ƙuna ne ke tsayar da iyakar yadda fistin zai matse gaurayen iska da fetur kafin fulogi ya ba da wuta. Ana samun ma'aunin matsi ta hanyar haɗa faɗin cikin da fistin ke sharewa da sararin da ya rage a samansa, sannan a raba jimlar da wannan sarari da ya rage. Alal misali, injin Chevrolet mai silinda 8 da ake kira 350 yana da kimanin mililita 717 a kowace silinda. A ƙaddara kogon kansa mililita 76 ne, a ƙara masa mililita 20 na kaurin gaskit da sauran 'yan sarari, an sami 96 ke nan, matsin kuwa zai kama kimanin 8.5. Idan aka ɗora kai mai kogon mililita 64, sararin zai koma 84, matsin ya hau zuwa kimanin 9.5. Bambancin mililita 12 kacal, wanda bai cika cokalin cin abinci ba, ya ɗaga matsi da maki guda cur.

Sai dai kuma bai kamata a zuzuta wannan riba ba. A bisa lissafi, hawa daga 8.5 zuwa 9.5 ba ya ƙara abin da ya wuce kimanin kashi 3 cikin 100. Mafi yawan ƙarfin da ake samu daga shaƙar iska yake fitowa. Haɗarin matsi kuwa babba ne, domin idan ya wuce abin da fetur zai iya jurewa, sauran gaurayen da wutar fulogi ba ta riga ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa, a riƙa jin wata siririyar ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Wannan ƙara daban take da abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce inji ya buga, amma idan aka ƙyale ta, can za ta kai shi, don tana fasa gefen fistin ta kuma ƙone gaskit.

3.0 Misalai daga Amurka da Japan

Injin Ford mai silinda 8 wanda ya fito a 1932 bawulolinsa a gefen silinda suke, cikin ganga, kansa kuwa shafaffen murfi ne kawai, don haka numfashinsa gajere ne. A 1947 Zora Arkus-Duntov da ɗan'uwansa suka ƙera masa sabon kai na alminiyom mai suna Ardun, wanda ya mayar da bawuloli sama, ya kuma ba shi kogo mai siffar rabin ƙwarya. Ganga tana nan yadda take, amma inji ya zama wani abu daban.

Misalin Chevrolet ya fi wannan yaɗuwa. Zuriyar injin da aka ambata a sama ta faro ne a 1955, kuma kamfanin ya daɗe bai sauya tazarar silinda da tsarin notunan kai ba, abin da ya sa kan wata shekara ke hawa gangar wata. Daga 1971, sakamakon dokokin rage gurɓata iska da shirin daina zuba dalma a fetur, aka rage matsin injuna ta hanyar faɗaɗa kogo, ƙarfinsu ya ragu ƙwarai. A 1996 sai kamfanin ya fito da kan da ake kira Vortec domin motocinsa na ɗaukar kaya, mai kogon mililita 64 da hanyoyin iska masu kyau. Masu tsofaffin injuna suka yi rububinsa saboda araha. Amma wanda ya saye shi yakan tarar ba a nan kashe kuɗi ya tsaya ba. Bututun da ke raba wa silinda iska na tsohon inji notuna 12 gare shi, na Vortec kuwa 8 ne, tilas a sayi sabo. Murfin bawuloli ma daban ne. Daɗin daɗawa, idan ba a yi wa kan gyara ba, bawulolinsa ba sa iya sauka har rabin inci, don haka wanda ya haɗa shi da kamshaf mai zurfin buɗawa zai lalata kayan bawul.

Misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na Honda. A 1989 kamfanin ya fito da injin B16A mai tsarin VTEC, wanda ke sauya zurfi da tsawon lokacin buɗewar bawul idan juyi ya yi sama. Girmansa lita 1.6 ne, amma yana ba da ƙarfin doki 160. Akwai kuma B18B mai lita 1.8, marar VTEC, wanda ƙarfinsa ke wajen doki 140, amma ya fi wancan ƙarfin ja a ƙaramin juyi. Faɗin silindar kowannensu milimita 81 ne. Da masu gyara suka lura da haka, sai suka ɗauki kan ƙaramin suka ɗora wa gangar babban, domin a haɗa numfashin wancan da girman wannan.

Kan yana hawa, amma aiki bai ƙare ba. Tsarin VTEC da matsin baƙin mai yake aiki, gangar B18B kuwa ba ta da hanyar da za ta kai masa man, sai an toshe ramin asali na kan, an jawo tiyo ta waje. 'Yan sandunan da ke daidaita zaman kai a kan ganga su ma ba su dace ba sai an gyara mazauninsu, kuma dole a sauya kwamfutar da ke sarrafa inji. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Babbar matsalar tana ƙasa. Fistin na B16A tafiyar milimita 77.4 yake yi, na B18B kuwa 89. Idan aka kai su juyi 8,000 a minti, inda kan VTEC ke nuna bajintarsa, matsakaicin saurin fistin na farko mita 20.6 ne a daƙiƙa, na biyu kuwa 23.7. An ƙera gangar B18B ne domin ta tsaya ƙasa da juyi 7,000. Notunan sandar fistin su ke fara gazawa, idan kuwa ɗaya ya tsinke, sandar takan huda ganga ta fito waje. Abin lura a nan shi ne, da kamfanin Honda ya tashi yin nasa injin VTEC mai lita 1.8, wato B18C, sai ya rage tafiyar fistin zuwa milimita 87.2, ya ƙarfafa ƙasan ganga, ya kuma sa 'yan bututun da ke fesa wa fistin mai daga ƙasa domin sanyaya shi. Mai haɗa nasa a gareji wanda bai yi makamancin wannan tanadi ba ya ɗora wa ganga nauyin da ba a ƙera ta dominsa ba.

4.0 Awo kafin ɗauri

Ƙwararren bakanike ba ya ɗaure kai sai ya auna. Yakan cika kogo da ruwa daga kwalba mai ma'auni domin ya san ainihin girmansa. Yakan jera gaskit a fuskar kai da ta ganga ya ga ko ramukan ruwa da na mai sun fuskanci juna, domin rami guda da ya toshe ya isa ya hana wani sashe sanyi. Yakan kuma manna ɗan yumɓu a saman fistin, ya ɗora kai, ya juya inji da hannu, sannan ya kwance ya duba kaurin da ya rage inda bawul ya danna. Idan bai kai kimanin milimita 2 ba, akwai tsoron bawul da fistin su yi karo idan inji ya ɗau zafi da sauri.

A Nijeriya ba kasafai ake sauya kai domin neman gudu ba. Galibi larura ce ke kawo shi, wato inji ya yi zafi, gaskit ya ƙone, kai ya lanƙwashe, sai a nufi Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, a nemo wani daga cikin kayan gwanjo. Duk da haka lissafin bai sauya ba. Kawuna biyu na zuriya ɗaya suna iya kama da juna a ido alhali kogonsu ya bambanta, kuma lambar da aka zana a jikin ƙarfen ce ke rarrabe su. Haka nan kan da aka sha kankare fuskarsa a na'ura domin a miƙe shi, kowace kankara tana rage kogo ta ɗaga matsi, idan kuma kamshaf a saman kai yake, tana ɗan jinkirta lokacin buɗewar bawuloli. Motar da ta dawo daga gareji tana ƙwanƙwasa a hawan tudu da tsakar rana, sau da yawa a kan fetur ake ɗora laifin, alhali tun farko ba a auna kogon kan da aka ɗora mata ba.