Yadda Hira Za Ta Zama Magani Ga Masu Shaye-Shaye A Ƙaura Namoda, Shinkafi Da Zurmi

Cikin shekarun da ƙasar arewacin Jihar Zamfara ta yi tana fama da 'yan bindiga, hankalin jama'a ya fi karkata ga rayukan da aka rasa da dabbobin da aka kore da gonakin da aka bari. Amma akwai wani ciwo da ba a cika zancensa ba, watau ciwon zuciya da na tunani. Mutanen da suka baro ƙauyukansu suka tare a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun zo da firgita da rashin barci da baƙin ciki, kuma cikin samarinsu akwai waɗanda suka nemi sauƙi wajen ƙwaya da tabar wiwi da maganin tari. Irin waɗannan samari ne ake kai wa ma'aikatan asibiti, a ce da su su yi musu magana.

Matsalar ba ta Zamfara ce kaɗai ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi amfani da kayan maye cikin shekarar da ta gabaci binciken. A shiyyar Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 12 cikin ɗari. A watan Mayu na wannan shekara ta 2018 kuwa Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. To, amma doka tana iya rufe kanti, ba ta iya cire ƙwaɗayi daga zuciyar wanda ya riga ya saba.

Hanyar da aka saba bi ita ce faɗa da tsoratarwa, in abin ya ci tura a kai ga duka da mari. Jama'a ba su manta da abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna cikin watan Satumba na 2019 ba, inda aka fito da mutum fiye da 300, waɗansunsu da sarƙa a ƙafa. A asibiti ba a sa mari, amma sau da yawa akan yi irinsa da harshe. Ma'aikaci ya zaunar da yaro ya jera masa illolin ƙwaya, yaro ya sunkuyar da kai yana cewa to, ya fita, ba a sake ganinsa.

Asalin Dabarar

Akwai wata dabara da masana halayyar ɗan Adam suka tsara domin irin wannan zama, wadda za a iya kira hirar zaburarwa. Wanda ya fara rubuta ta shi ne Dokta William Miller, mutumin Amurka, a 1983, bayan ya yi aiki da ƙananan likitocin tunani a wani asibitin mashaya giya kusa da birnin Bergen na ƙasar Norwe. Daga baya ya haɗu da Dokta Stephen Rollnick, suka fitar da littafi a kanta a 1991.

Tushen dabarar shi ne cewa mai shaye-shaye ba jahilin halinsa ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zuciyarsa ce ta rabu biyu, ɗaya tana son ya bari, ɗaya tana son ya ci gaba. Idan ma'aikaci ya ɗauki ɓangaren bari ya yi ta hujja a kai, sai ya bar wa mara lafiya ɓangare guda kawai ya kare, watau na ci gaba. Da bakinsa zai ce ai ba kullum yake sha ba, ai ba shi kaɗai ba ne, ai sai da ita yake iya aiki. Mutum kuwa ya fi gaskata abin da ya ji daga bakinsa. A wani bincike da Miller da abokan aikinsa suka buga a 1993, an ga cewa gwargwadon yadda mai ba da shawara ya riƙa ja-in-ja da mashayi, gwargwadon yawan giyar da mashayin ke sha ke nan bayan shekara guda.

Saboda haka aikin ma'aikaci shi ne ya juya zancen, ta yadda dalilan bari za su fito daga bakin mara lafiya.

Yadda Ake Yin Ta

Abu huɗu ma'aikaci yake riƙewa. Na farko, tambaya mai faɗi wadda ba a amsa ta da i ko a'a. Na biyu, yabawa a kan abin kirki na gaskiya da ya gani, ko da zuwa asibitin ne kawai. Na uku, saurare da mayar wa mutum abin da ya faɗa. Na huɗu, tattara zancen a taƙaice a ƙarshe, a tambaye shi ko an fahimce shi daidai.

Alal misali, a ɗauka an kawo wani ɗan acaɓa mai shan taramol. Maimakon a tambaye shi ko ya san ƙwayar nan tana kisa, sai ma'aikaci ya ce, "Ɗana, me take yi maka a wajen aikinka?" In ya ce tana hana shi gajiya, kuma tana ɗauke masa tunanin abin da ya faru a ƙauyensu, ba za a ƙaryata shi ba. Sai a ce, "Ke nan tana sauƙaƙa maka yini. To, ina abin da ba ka so game da ita?" A nan ne zai ambaci kuɗin da take ci, da faɗuwar da ya taɓa yi a kan babur, da kukan mahaifiyarsa. Ma'aikaci sai ya haɗa masa biyun wuri guda: ga sauƙin da yake samu, ga hawayen Inna. Daga nan ya yi shiru, ya bar shi ya auna.

Akwai kuma ma'aunin sifiri zuwa 10. Akan tambayi mutum ina yake a wajen son ya bari. In ya ce 4, ba a tambayarsa me ya hana ya kai 10, domin wannan zai sa ya kawo uzuri. Cewa ake yi me ya sa ya ce 4 bai ce 1 ba. Amsar da zai bayar dalilai ne na bari, kuma nasa ne na kansa. Ba a hana ma'aikaci ba da ilmi ko gargaɗi ba, sai dai ya fara neman izini, ya faɗa a taƙaice, sa'an nan ya tambayi mara lafiya yadda ya ga maganar. Sai an ga niyya ta nuna kana a shiga tsara mataki: ranar da za a fara ragewa, wanda zai taimaka a gida, da majalisar da za a ƙaurace wa.

Dacewarta Da Wannan Yanki

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma yawancinsu suna manyan birane. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da wannan yanki shi ne na Kware a Jihar Sakkwato, tafiyar kuwa tana da tsada da haɗari. Wanda mutumin Zurmi ko Shinkafi zai fara gani shi ne nas ko ungozoma ko malamin asibitin shan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lura da irin wannan giɓi, shi ya sa littafin jagora da ta fitar a 2010 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba ya ƙunshi wannan hira cikin hanyoyin taimakon masu shaye-shaye. Ba ta bukatar na'ura ko wutar lantarki. Ana kuma amfani da ita ga wanda ya daina shan maganinsa da ya ji sauƙi, da wanda ke ƙin komawa asibiti.

Har ila yau, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba da muhimmanci ga mutuncin mara lafiya da yardarsa. Wannan hira tana tafiya a kan wannan turba.

Sai dai akwai abin lura a al'adar Bahaushe. Yaro ba ya musu da babba, "to" ɗin da zai ce na ladabi ne, ba na yarda ba. Saurayi ba zai buɗe cikinsa a gaban mahaifinsa ba, haka mace a gaban mijinta ko surukarta. Ya kamata ma'aikaci ya gaisa da Baba cikin girmamawa, ya ji ta bakinsa, sa'an nan ya roƙe shi ya ɗan jira a waje. Sirri ma wajibi ne, domin a gari irin Zurmi kowa ya san kowa.

Iyakarta

Hirar ba ta maye gurbin magani. Wanda hankalinsa ya gushe, ko yake jijjiga saboda yanke ƙwaya farat ɗaya, ko yake zancen halaka kansa, likita yake bukata nan take. Ba ta kuma mayar wa manomi gonarsa ko ta ba saurayi sana'a. Bugu da ƙari, koyonta ya fi yadda ake zato wuya. Binciken da Miller ya jagoranta a 2004 ya nuna cewa waɗanda suka halarci bita ta kwana biyu kawai sukan koma tsohon halinsu cikin 'yan watanni, in ba a ci gaba da sauraron hirarsu ana yi musu gyara ba.

Wannan darasi ne ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ƙananan hukumomin uku. Bita a otal a Gusau da rabon takardar shaida ba za su wadatar ba. Abin da ake bukata shi ne a horar da ma'aikata kaɗan a kowane babban asibiti, a ba su ɗaki mai ƙofa, a naɗa wanda zai riƙa bibiyarsu. Makarantun koyon aikin jinya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda su ma suna da ɗalibai da masu ba su shawara da za su amfana. Sannu ba ta hana zuwa, kuma saurayin da aka saurara yau ya fi yiwuwa ya komo asibiti mako mai zuwa da ƙafarsa.