Mausinram: Ƙauyen Ruwa Mai Fama da Ƙishirwa

A arewa maso gabashin ƙasar Indiya, cikin jihar Megalaya, akwai wani ƙauye da ake kira Mausinram. Yana bisa duwatsun Kasi, wajen ƙafa 4,600 sama da teku. Masana sun lasafta shi cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a duniya, domin kuwa a shekara guda yakan sami kamar inci 467. Watau ko an tara ruwan Kano na shekara 10, da ƙyar zai kai wannan. Maƙwabcinsa Cerafunji ma, daga Agusta 1860 zuwa Yuli 1861, ya sami inci 1,042.

To, mene ne dalili? Daga watan Yuni zuwa Satumba iska takan taso daga Tekun Bengal ɗauke da laima. Sai ta ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Bangaladash ba abin da ya tare ta, har ta yi karo da duwatsun nan, tilas ta hau sama. Ita kuwa iska, in ta hau sama sai ta huce, in ta huce ba ta iya riƙe laimarta, sai ta zubar. Kwaruruwan wurin kuma suna tattara gizagizai su kora su kan ƙauyen, kamar yadda mazurari ke tattara mai.

Mutanen wurin sun san dabarar zama da ruwa. Sukan saƙa wata babbar malafa ta gora da ganye mai kama da ƙoƙon kunkuru, ta rufe su tun daga kai har gwiwa, su yi aikin gona hannu sake.

Amma ga abin mamaki. Daga Disamba zuwa Fabrairu sama takan ɗauke kusan ƙaf, har ruwan sha ya yi wuya, mata su yi ta doguwar tafiya nemansa. Ƙasar da ke bisa dutsen ba ta da kauri, an kuma sare itatuwa da yawa, saboda haka ruwan ba ya nutsewa, sai ya gangara Bangaladash, ya kwashi ƙasar noma ya tafi da ita.

Ashe dai yawan ruwan sama ba shi ne wadata ba. Wadata tana ga ƙasar da ta iya riƙe abin da Allah ya saukar mata.