Gero Da Dawa: Kada Mu Auna Ƙane Da Bakin Yayarsa

A taron ƙungiyarmu ta manoma a Kusasu, bayan mun gama lissafin taki, sai wata uwa ta kawo kukanta. Ta ce 'yarta ta fari tun ba a yaye ta ba take kiran sunan kowa a gida. Ƙanenta kuwa ya cika shekara biyu da rabi, ba abin da ya iya sai nuni da yatsa. Surukarta ta ce taurin kai ne. Maƙwabta suka ce harshe biyu ne suka rikita shi, Gbagyi da Hausa. Ubansa har ya fara kiransa bebe.

'Yan'uwa, mun san gero da dawa. Gona ɗaya, ruwa ɗaya, amma gero ya nuna cikin wata uku, dawa sai kaka ta yi sosai. Ba wanda ya taɓa tuge dawa don gero ya riga ta. Haka 'ya'yan ciki ɗaya suke. Harshe biyu ba ya hana yaro magana. Sau da yawa ma yayye ne suke riga ƙane buɗe baki: da ya miƙa hannu sun ba shi ruwa, to, me zai sa ya roƙa?

Amma manomi yana da lokacin da yake sa ran ganin kai a jikin kara. Yawancin yara sukan faɗi kalmar farko wajen shekara 1. A shekara 2 sukan haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Baba zo." A shekara 3 baƙo yakan gane yawancin maganarsu. Da wannan za mu auna yaro, ba da yayarsa ba.

In lokacin ya wuce, kunne za a fara dubawa, gama yaro ba ya faɗin abin da bai ji ba. Ƙyanda, da sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Arewa a 1996, da kunne mai zubar da mugunya, duk suna iya kurmantar da yaro. Ku tsaya a bayansa ku kira sunansa a hankali. In bai waiwayo ba, ku kai shi asibiti. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Allurar ƙyanda kuma ana yinta ne a wata 9, kada a bari ta wuce.

Tsoro ma yana kama baki. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin Birnin Gwari, yara da yawa sun kwana a jeji. Yaron da ya yi shiru bayan gudun hijira, lallashi yake bukata, ba bulala ba.

Mu riƙa yi wa ƙanana hira a goye, a gona, a wurin daka. Mu faɗa musu sunan fartanya da doya da akuya. Mu ce wa yayye su dakata ƙane ya roƙa da bakinsa. Mu tuna Musa mai nauyin baki ne, wansa Haruna ne mai iya magana, duk da haka Musa Allah ya aika.

Kafin mu tashi, ƙungiya ta fitar da kuɗin mota daga asusu domin a kai yaron a duba kunnensa. Muna roƙon sauran ƙungiyoyi su yi haka.