Tayar Hunturun Turai Ba Ta Daminar Kajuru Ba Ce

Duk wanda ya taɓa barin kwaltar nan da ta tashi daga Kaduna, ta bi ta Kujama da Kasuwan Magani ta nufi Kachia, ya ratsa cikin ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Kajuru a watan Agusta, ba sai an ba shi labarin taɓo ba. Hanyar burjin da aka bi jiya ana ta da ƙura, yau ruwa ya mai da ita kamar kunu. Jar ƙasa ta yi santsi a kan tudu, laka ta kwanta a fadama, rafin da yara ke tsallakewa da rani ya cika ya batse. A irin wannan lokaci ne ake ganin a-kori-kura ɗauke da buhunan taki ko na sabuwar masara ta kafe, direba yana ba ta wuta, tayoyi suna ta juyawa a wuri ɗaya, fasinja kuwa sun naɗe ƙafar wando suna turi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mutanen Kufana da Idon da Maro da Kallah da Rimau. Motar da ta kafe tana iya sa manomi ya rasa ranar kasuwa, ko taki ya jiƙe a hanya, ko kuma mai naƙuda ta kasa isa asibiti cikin lokaci. Bugu da ƙari, tun daga shekarar 2018 wannan yanki ya sha fama da hare-hare da satar mutane, saboda haka babu direban da ke son magariba ta riske shi a dawa yana haƙa ƙarƙashin mota. Sau da yawa kuwa, ba inji ne ya gaza ba, ba kuma direba ne bai iya ba. Laifin yana ga taya, wadda aka zaɓa tun a kasuwa ba tare da an san ƙasar da aka yi ta dominta ba.

DAGA 404 ZUWA HILUX

Dattawan direbobi suna tune da lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, a-kori-kura ƙirar 404, daga baya kuma 504, ta zama jakin ƙauyukan kudancin Kaduna. A wancan zamani ana yin taya a cikin ƙasar nan, kamfanin Dunlop a Ikeja, na Michelin kuma a Fatakwal. Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008. Yau Toyota Hilux da 'yan'uwanta sun gaji aikin 404, amma mafi yawan tayoyin da suke takawa daga ƙetare ake kawo su.

To, sabuwar taya mai kyau tana da tsada, shi ya sa masu motoci da yawa suka koma ga gwanjo, watau waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su, in banda manya-manyan na tirela da ake kawowa don a sake musu zane. Duk da haka ga su nan jibge a bakin titi. A cikinsu kuwa akwai wani iri da ya fi ruɗin mai saye: roba mai taushi, zane mai yawa, ga kuma araha. Ita ce tayar hunturun Turai, kyan ɗan maciji.

ABIN DA AKA YI TA DOMINSA

Lalle ne mai karatu ya bambanta hunturun nan da na can. Na nan iska ce da ƙura da kaushi, da rana kuma zafi ya kai digiri 30 ko fiye. Na Turai kuwa dusar ƙanƙara ce ke rufe titi, ruwa ya daskare a kan kwalta kamar gilashi. A ƙasar Finlan aka fara yin taya musamman don irin wannan yanayi a 1934, kuma domin manyan motoci aka yi ta. Masu yin taya sun ce amfaninta yana farawa ne sa'ad da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, domin a nan ne robar taya ta kullum take sandarewa ta daina kama hanya. Ita kuwa ta hunturu an haɗa robarta yadda za ta zauna da taushi komai sanyi.

Wannan taushi da ya zama alheri a can, shi ne illarta a nan. In ta hau kwaltar Kachia zuwa Kafanchan da tsakar rana a watan Maris, sa'ad da zafi ke haura digiri 35, sai robar ta ƙara yin laushi, ta riƙa cinyewa da sauri, in an taka birki kuma motar ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Haɗa wannan da lodi mai nauyi da gudu, sai zafi ya taru a cikin tayar, hatsarin fashewa ya ƙaru.

Wani zai ce, ai tunda tana kama ƙanƙara, taɓo kuma me zai gagare ta? A nan ne kuskuren yake. Tayar hunturu tana da ɗaruruwan ƙananan tsage-tsage masu siririn baki, kuma an tsara zanenta ne don ya riƙe dusar ƙanƙara a ciki, saboda dusa tana manne wa 'yar'uwarta, ta haka motar ke samun abin takawa. Laka ba haka take ba. Da zarar ta cika zanen taya, to, tayar ta zama kamar suɗaɗɗiya, sai sulɓi. Tayar taɓo ta gaskiya aikinta shi ne ta watsar da laka a kowane juyi, shi ya sa ake yi mata manyan haƙora da faffaɗan rami a tsakaninsu. Daɗin daɗawa, yawancin tayoyin hunturun da ke shigowa na ƙananan motoci ne, gefensu ba shi da kauri, dutse mai kaifi ko kututture yana iya yage su nan take. Ƙasar Kajuru kuwa ƙasar duwatsu ce.

Me ya sa Turawa suke rabuwa da su alhali da sauran zane? Dalili kuwa doka ce. A Ostiriya, alal misali, in zurfin zanen tayar ƙaramar mota ya gaza milimita 4, doka ba ta ƙara ɗaukarta tayar hunturu ba. A Jamus kuma, tun daga watan Oktoba na 2024 ba a yarda da kowace taya a matsayin ta hunturu ba sai mai ɗauke da tambarin ƙanƙara. Wadda ta gama aikinta a can, ita ce ake loda wa jirgin ruwa, ta zo nan ana yi mata kirari da sabuwa.

YADDA ZA A GANE TA

Mai saye ya durƙusa ya karanta gefen taya, kada ya tsaya ga bakin dillali. Tambarin da aka ambata hoton dutse ne mai kawuna uku da furen ƙanƙara a tsakiyarsa. Akwai kuma haruffan M+S, ma'anarsu taɓo da dusar ƙanƙara. Amma fa a yi hattara, domin waɗannan alamu biyu sukan fito har a jikin wasu tayoyin daji masu kyau, saboda haka su kaɗai ba su isa hukunci ba. Abin da zai tabbatar shi ne a ga an rubuta Winter ko Snow ko Ice ko Studless a sunan tayar, a ga tsage-tsagen nan masu lanƙwasa sun cika kowane haƙori, farce kuma yana nutsewa cikin robar da sauƙi. Wasu ma za a ga ƙananan ramuka a jere, inda aka cire ƙusoshin kama ƙanƙara. In an ga haka, a bar wa mai ita kayarsa.

IRI UKU NA A-KORI-KURA

Tayoyin da suka dace da irin wannan mota kashi uku ne. Na farko mai alamar H/T, ta kwalta ce zalla. Ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai, amma ba ta da abin yi a fadama. Na biyu mai alamar A/T, tsaka-tsaki ce, tana tafiya a kwalta da burji da tsakuwa da taɓon da bai yi zurfi ba. Na uku mai alamar M/T, ita ce sarauniyar laka, haƙoranta manya, har gefenta ma yana da nasa. Sai dai ita ma da nata aibi: tsada, gunji a kan titi, ƙarin shan mai, kuma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama birki kamar sauran biyun.

Saboda haka zaɓi yana ga hanyar da mota ta fi bi. Wanda yawancin zirga-zirgarsa tsakanin Kaduna da Kachia da Zonkwa da Kafanchan ce, yakan ɗan ratsa ƙauye ne jefi-jefi, A/T ta ishe shi shekara zagaye. Wanda kuwa kullum yana cikin gonaki, yana kai taki a watan Yuni da Yuli, yana kwaso amfanin gona kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba, shi ne M/T za ta biya wa kuɗinsa. Kowace aka zaɓa, a sa huɗu iri ɗaya, girma ɗaya, musamman a motar da ke ja da ƙafa huɗu, domin bambancin girma yana wahalar da giya. Girman da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar.

LODI DA SHEKARU

A-kori-kura irin Hilux an yi ta ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, watau buhun masara goma masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Tayar da za ta iya da wannan ita ce mai haruffan LT a farkon lambarta, ko harafin C a ƙarshe, kamar 205R16C. Lambar da ke biye tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka: 100 na nufin kilo 800, 104 kilo 900, 110 kuwa kilo 1,060. Tunda yawancin lodi a kan ƙafafun baya yake sauka, sa wa a-kori-kura tayar ƙaramar mota ganganci ne da rayukan jama'a.

Sa'an nan a duba ranar haihuwar taya. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 3519, an yi ta ne a mako na 35 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi da su guji tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. Roba tana tsufa ko da a ɗaki take ajiye, alamar haka kuwa ita ce ƙananan tsagewa a gefe. Akwai kuma 'yan tudu a cikin ramin zane masu tsawon milimita 1.6. In zane ya cinye ya yi daidai da su, taya ta ƙare, amma a taɓo tun kafin nan ta daina amfani.

Fashewar taya ba ta san babba ba. Ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansu suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe. Abin da masana tuƙi ke koyarwa shi ne, in haka ta faru a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, kada a danne birki da ƙarfi.

ISKA DA SHIRIN HANYA

Taya mai kyau ma sai da iskar da ta dace. A auna ta da ma'auni da safe kafin mota ta yi tafiya, a daina dogara ga ƙwanƙwasawar mai faci. In za a shiga laka ko yashi, rage iska kaɗan yana sa taya ta baje ta ƙara kama ƙasa, amma wajibi ne a mayar da ita da zarar an hau kwalta, in ba haka ba zafi zai kashe tayar. Haka nan giyar ƙafa huɗu ta yawancin waɗannan motoci, ta taɓo da yashi ce, a cire ta a kan busasshiyar kwalta. Kada kuma a fita ba safaya mai lafiya, da jak, da guntun katakon da za a ɗora shi a kai, da shebur da igiya mai ƙarfi.

Akwai dai abu guda da ya cancanci a koya daga mutanen ƙasashen sanyi. Da yawansu sukan ajiye tayoyi kashi biyu, su sauya in lokaci ya juya. Mai a-kori-kurar da Allah ya hore wa yana iya yin haka, ya ɗaura M/T a watan Mayu da saukar ruwa, ya cire ta a Nuwamba sa'ad da hanyoyi suka bushe aka shiga jigilar citta, ya ajiye ta a inuwa nesa da mai da rana. Wanda bai da hali kuwa, gara ya daure ya sayi A/T sabuwa ko da ta ƙaramin kamfani ce, da ya kwashi gwanjon da aka yi don wata ƙasa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma kuɗin da aka rage a wurin dillali, sau da yawa a bakin rafi ake biyansa ninki biyu, ga masu turi da mai tarakta.