MITLA, GARIN DA AKA TONO TSOHUWAR MASARA

Duk wanda ya ci tuwon masara, ko ya gasa ɗanya a bakin gona, ya ci arzikin waɗansu manoma ne na nesa waɗanda suka riga mu da shekaru dubbai. Masara ba tsiron ƙasarmu ba ce. Asalinta ƙasar Meksiko, wadda ke kudu da ƙasar Amurka, kuma ba ta shigo Afirka ba sai bayan da jiragen Turawa suka ƙetare teku a 1492. A makon nan za mu kai masu karatu wani ƙaramin gari na kudancin ƙasar, sunansa Mitla, domin akwai abin da manomi da ɗan kasuwa za su ƙaru da shi a can.

GARIN DA MUTANENSA

Mitla yana cikin jihar Oaxaca, wadda ake faɗin sunanta Wahaka, kamar mil 28 gabas da babban birnin jihar. Mutanensa da na ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa kimanin 13,000 ne, galibinsu kabilar Sapotek, har yanzu kuwa dattawa da yawa da harshensu suke magana a gida, Sifaniyanci sai a kasuwa da ofis. Garin yana kan tudu, ya fi Jos tsawo daga teku, saboda haka ko da rana ta yi zafi, dare da sanyi. Ruwan sama kaɗan ne, bai cika wuce inci 25 a shekara ba, watau kusan kamar na Daura ko Maraɗi. Yakan sauka a watan Mayu ko Yuni, ya ɗauke a Oktoba. A tsakiyar damina kuma akan yi ɗan fari na waɗansu makonni, wanda manoman can ke tsoro kamar yadda mu ma muke tsoron namu.

Abin da ke kawo baƙi garin shi ne tsofaffin gine-ginen dutse na manyan malaman addinin Sapotek. An yi wa bangayen ado da ƙananan duwatsu dubbai, kowanne an sassaƙe shi daidai, an jera su sun kama juna ba tare da an sa musu laka ko siminti ba. Ƙasar tana yawan girgiza, amma ga su nan tsaye. Da Turawan Sifen suka ci ƙasar Wahaka a 1521, sai suka rushe wani sashe, suka ɗebi duwatsun suka gina majami'a a bisa tsohon ginin. Mai ziyara yakan ga biyun wuri guda, sabo a kan tsoho. Ban da noma, babbar sana'ar garin saƙa ce. In ka bi unguwanni da hantsi, ƙarar masaƙa kake ji daga gida zuwa gida.

KOGON DA YA BA DA LABARI

Kamar mil 3 daga gari akwai wani kogo a jikin dutse, ana ce da shi Guilá Naquitz. A 1966 wani masanin tone-tone Ba'amurke, Kent Flannery, ya haƙa ƙasan kogon. Da yake wurin busasshe ne, abubuwan da mutanen da suka bari ba su ruɓe ba. Daga baya da aka auna, sai aka ga 'ya'yan kabewa da ya tono sun kai shekara 10,000, totuwar masara kuwa kimanin shekara 6,250. Totuwar nan ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba. Masana sun ce masara ta fito ne daga wata ciyawa mai suna teosinte, wadda aka fara shukawa a kwarin kogin Balsas kimanin shekara 9,000 da suka wuce. To, daga wannan 'yar ciyawa zuwa goyon masara da muke gani yau, ba injin da ya yi aikin. Manoma ne suka yi ta ware mai kyau suna ajiyewa don iri, shekara da shekaru. A 2010 hukumar UNESCO ta sa kogunan Yagul da Mitla cikin wuraren tarihi na duniya.

YADDA SUKE NOMA

Gonar gargajiya sunanta milpa. Masara da wake da kabewa ake haɗawa a gona guda. Karan masara shi ne sandar da wake ke hawa, wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa kuma ya rufe ƙasa ya hana ciyawa, ya tsare laima. Wanda ya saba haɗa gero da dawa da wake ba zai ga baƙon abu a nan ba. Da shanu biyu da garmar itace da yawansu ke huɗa, mai hali ya yi hayar tarakta. Bayan girbi sukan tara kara da ganye domin shanu su ci da rani.

Abin da ya fi ba ni sha'awa da na zaga gonakin shi ne ba su zubar da kome. Furen kabewa da toho nata ana miya da su. Alayyafon da ya fito da kansa tsakanin kunya ba a nome shi duka, a tukunya yake ƙarewa. Fara kuwa, sukan kama ta da sassafe, a soya da gishiri da barkono da lemun tsami, a kai kasuwa ana aunawa da ɗan kwano. A kasuwar Tlacolula, wadda ke ci ran Lahadi a kan hanyar Mitla, in ka ga tulin fara a gaban mata sai ka ce a Katsina kake. Aikin gayya ma suna da shi. Na gari sunansa tequio, kowane magidanci ya fito gyaran hanya ko makaranta ba biya.

Irin masarar da aka fi shukawa a kwarin sunanta bolita. Goyonta gajere ne, amma tana nuna da wuri, tana jure fari. Akwai fara, akwai rawaya, akwai shuɗiya. An ƙidaya asalin irin masara 59 na ƙasar Meksiko, 35 daga cikinsu kuwa ana samunsu a jihar Wahaka. Daga Mitla hanya ta hau duwatsun kabilar Mihe, inda ake shuka wata doguwar masara mai wuce ƙafa 16. Tana fitar da saiwoyi a jikin kara, suna ɗigar da wani abu mai yauƙi. A 2018 masana suka buga binciken da ya nuna ƙwayoyin halitta da ke cikin yauƙin nan suna jawo mata sinadarin taki daga iska, daga kashi 29 har zuwa 82 cikin 100 na abin da take bukata. Sai dai takan yi wata takwas ko fiye kafin ta nuna, saboda haka kada wani ya yi tsammanin za ta yi a Gumel.

DAHUWAR DA TA CECI RAYUKA

Yanzu ga muhimmin abin da nake so matan gida su ji. Mutanen Meksiko ba su niƙa masara ɗanya. Sai sun tafasa ta da ruwan toka, ko da ƙonanniyar farar ƙasa mai tsabta wadda aka yi domin abinci. Ga kilo 1 na masara sukan sa kamar giram 10 na farar ƙasar, da ruwa lita 2 ko 3. A tafasa kamar rabin sa'a, a sauke, a bar ta ta kwana a cikin ruwan. Da safe a wanke sosai har dusar ta saɓule, sa'an nan a niƙa da danshinta, a yi waina mai faɗi a kan kasko, wadda suke kira tortilla.

Amfanin wannan babba ne. A cikin masara akwai wani abinci na jiki, niyasin, amma a ɗaure yake, ciki ba ya iya ɗaukarsa. Dahuwar nan ita ke kwance shi. Tana kuma rage dafin fumfuna da ke kama hatsin da bai bushe sosai ba, ko da yake ba ta mai da ruɓaɓɓe ya zama mai kyau. Turawa sun ɗauki masara sun bar dahuwar a baya, sai wani ciwo mai suna felagira ya ɓulla a wurin talakawan da masara kaɗai suke ci. Fata takan yi baƙi ta tsage inda rana ke duka, ga zawo, ga ruɗewar hankali. Wani likita a Sifen, Gaspar Casal, ya bayyana shi a 1735. A 1990 ma ciwon ya kama mutum dubbai cikin 'yan gudun hijirar Mozambik a ƙasar Malawi. Mu da masara ke ta maye gurbin dawa da gero a rumbunanmu, ya kamata mu lura. Mai son gwadawa ya fara da mudu guda da tataccen ruwan toka na itace. Kada a kuskura a taɓa siminti ko farin fenti. A kuma riƙa haɗa tuwo da wake, ko gyaɗa, ko kifi, domin suna cike wannan giɓi.

ABIN DA KE DAMUNSU

Zama a Mitla ba hutu ba ne. Tun da yarjejeniyar ciniki tsakanin Meksiko da Amurka da Kanada ta fara aiki a 1994, masarar Amurka mai araha ta yi ta shigowa, a shekarun nan abin da ake shigo da shi ya wuce tan miliyan 15 a shekara. Mai eka biyu a busasshiyar ƙasa ba ya iya karawa da wannan. Samari da yawa na kwarin sun tafi ci-rani birane da Amurka, gona ta koma hannun tsofaffi. Ga kuma wani tsiro mai kama da kabar giwa, maguey, wanda ake yin barasar mezcal da shi a Matatlán, maƙwabciyar Mitla. Da kuɗinsa ya tashi, waɗansu suka cika gonakin abinci da shi, har aka sare daji. Shekara 6 zuwa 8 yake yi kafin a sare shi, kuma ba wanda ya san farashin da zai tarar a ranar. In ya faɗi, ba a tuƙa maguey a ci. A watan Maris 2025 ƙasar ta gyara tsarin mulkinta, ta hana shuka masarar da aka sauya wa halitta, domin tsare irin gida. Amma doka ba ta shuka iri. In gida guda ya daina shuka nasa shekara uku ko huɗu, ya tafi ke nan.

To, jama'a, sabon iri yana da amfani, mu malaman gona kullum muna faɗa. Amma wanda ya karɓi sabo ya ware kunya goma ko ashirin domin tsohon irin gidansu, na masara ne ko gero ko dawa, nesa kaɗan da sabon don kada su gauraya. Ya zaɓi iri tun a gona daga lafiyayyen tsiro, ya shanya shi ya bushe sarai, ya ajiye inda ƙwari ba su kai. 'Yan kasuwa kuma su daina cakuɗa iri-iri a buhu guda, domin a kasuwar Tlacolula mai shuɗiyar masara daban yake aunawa, kuɗinta kuma daban. Mai tambaya a kan dahuwar toka ko ajiyar iri ya rubuto wa wannan fili, za mu amsa a makonni masu zuwa.