Tseren Comrades: gangara ta fi hawa cin ƙafa

Ko wace shekara a ƙasar Afirka ta Kudu, dubban mutane kan fito gudun fanfalaki tsakanin birnin Darban na bakin teku da Pitamarisbag. Sunan tseren Comrades. Nisansa kusan kilomita 90 ne, wato kamar daga Maraɗi zuwa Katsina, fiye da ninki biyu na gudun maraton da aka sani mai kilomita 42.

Wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ne ya ƙirƙiro shi a 1921, domin tunawa da ƴan uwansa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. Mutum 34 suka tashi ran nan, 16 suka isa. Sai a 1975 aka yarda baƙar fata da mata su shiga a hukumance.

Hanyar kwalta ce, tana ratsa ƙauyukan Zulu da tuddai. Manyan tuddan biyar ne: Cowies, Fields, Botha's, Inchanga da Polly Shortts. Bana a tashi daga Darban a yi ta hawa, baɗi a tashi daga Pitamarisbag a yi ta gangara.

Mai karatu zai ɗauka shekarar gangara ta fi sauƙi. Masu gudun ba haka suke gani ba. Wajen hawa, numfashi ne ke ƙaranci, mutum ya rage taki ko ya koma tafiya har ya huce. Wajen gangara kuwa, cinyoyi ne ke riƙe nauyin jiki duka a ko wane taki, kamar birkin motar da aka yi wa lodi. Kafin a gama sauka tudun Fields, cinya ta yi tsami, wasu ma farcen ƙafarsu ya yi baƙi saboda dukan takalmi. A shekarar hawa kuma, Polly Shortts na jira saura ƴan kilomitoci a isa, inda har gwanaye kan koma tafiya.

Shi ya sa tsofaffin hannu ke tattalin ƙarfinsu kamar uwar kuɗi. Wanda ya zuba shi duka tun da sanyin safiya, kafin azahar ya karye.

A bakin hanya ana miƙa ruwa, ayaba, lemu da dafaffen dankalin Turawa mai gishiri. Kusa da Inchanga, yaran makarantar naƙasassu ta Ethembeni kan jeru suna tafawa da masu gudu.

Awa 12 ake ba kowa. Da lokaci ya cika, wani jami'i da ya juya wa masu gudu baya sai ya harba bindiga, a tare ƙofa. Wanda ya rage masa taki biyu ba shi da lambar yabo, kuma ba a ƙidaya shi cikin waɗanda suka gama. A 2023, Tete Dijana ya cinye hanyar cikin awa 5 da minti 13, amma da yawan jama'a sai a awa ta ƙarshe suke shigowa, wasu riƙe da kafaɗar juna.