Sauya Firosesa a Tsohuwar Kwamfuta: Allo Ne Ke Da Ta Cewa

Firosesa ita ce 'yar na'ura mai kusurwa huɗu da ke yin lissafin duk wani aiki na kwamfuta. A kwamfutar tebur ba a liƙe take ba. Tana zaune ne a wani gurbi da ake kira soket, a kan babban allon da masu gyara ke ce wa madabod, don haka ana iya cire ta a sa wadda ta fi ta ƙarfi ba tare da an jefar da sauran kayan ba. Wannan ya shafi jama'a da dama, domin da yawa daga kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da makarantu na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Laftof kuwa labarinta daban ne: tun daga zubi na 5 na Intel, firosesar laftof a liƙe take da dalma, ba a sauya ta.

Abu na farko da ake dubawa shi ne soket. Kowane soket yana da suna, kuma lambar da ke cikin sunan na Intel adadin ƙafafunsa ne. LGA 775 ya fito a 2004, ya ɗauki Pentium 4 har zuwa Core 2 Duo da Core 2 Quad. LGA 1155 ya zo a 2011, ya ɗauki zubi na 2 da na 3 na Core i3, i5 da i7, sai LGA 1150 a 2013 da zubi na 4. Firosesar wannan ba ta shiga gurbin wancan, ko da bambancin ƙafa biyar ne kacal.

Sai dai shigar firosesa cikin soket ba ta nufin za ta yi aiki, kuma a nan ne yawancin kuɗi ke salwanta. A kan allon akwai wata na'ura mai suna cifset, wadda ke haɗa firosesa da sauran sassa, ita ce ke iyakance abin da allon zai karɓa. Dell OptiPlex 790 misali ne mai kyau. Soket ɗinta LGA 1155 ne, kuma Core i7-3770 na zubi na 3 za ta zauna a cikinsa daram. Amma cifset ɗinta Q65 ne, wanda bai san zubi na 3 ba, saboda haka fanka za ta juya, fuskar kwamfuta kuwa ta tsaya baƙi ƙirin. Iyakar wannan allo ita ce i7-2600. Ƙanwarta OptiPlex 7010, mai soket iri ɗaya da cifset Q77, ita ce ke karɓar i7-3770. Haka LGA 1151 ya rikita mutane sosai: zubi na 6 da na 7 suna aiki a allunan cifset jerin 100 da 200, na 8 da na 9 kuma sai jerin 300, alhali gurbin a ido ɗaya ne.

Hanyar tsira daga wannan asara mai sauƙi ce. A karanta sunan allon, wanda ke rubuce a jikinsa, ko a buɗe manhajar CPU-Z ta kyauta ta nuna shi tare da lambar BIOS ɗin da ke kai. Daga nan a nemi jerin firosesocin da kamfanin ya ce allon yana ɗauka. Wanda ya je kasuwa da wannan jerin a hannu ya fi wanda ya dogara ga "ai za ta hau" na mai shago.

Jerin yakan nuna wani sharaɗi kuma, wato lambar BIOS. BIOS ita ce ƙaramar manhajar da ke cikin allon, wadda ke tada kwamfuta kafin Windows ta buɗe. Idan an rubuta ta kafin a ƙera firosesa, ba za ta gane ta ba. Allunan cifset H61 da yawa sun karɓi zubi na 3 bayan an sabunta musu BIOS. Ana yin sabuntawar ne tun tsohuwar firosesa tana kai, domin a yawancin tsofaffin alluna, idan aka riga aka cire ta babu yadda za a tada kwamfutar a yi aikin. Kuma kada a kuskura a fara shi a kan wutar da ba a amince da ita ba. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta BIOS tana iya kashe allon, ya zama sai mai gyara ya sake rubuta BIOS ɗin da na'ura ta musamman. UPS ko inbata mai cikakken caji wajibi ne a waɗannan 'yan mintuna.

Saura batun wuta da zafi. Core i3-2100 mai ƙwaya biyu tana fitar da zafin wat 65, i5-2400 mai ƙwaya huɗu kuma wat 95. Ƙaramin akwati mai ƙaramar fanka ba lalle ya iya da wannan ƙari ba, shi ya sa aka yi ire-iren i5-2400S masu wat 65 don ƙananan kwamfutoci. A garuruwan da zafin bazara ke haura digiri 40, kuma ƙurar hunturu ke toshe ƙarfen sanyaya, bai kamata a raina wannan lissafi ba.

Aikin sauyawar kansa bai kai rabin awa ba. A zare wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwati don sauke lantarkin jiki, a kwance fanka da ƙarfen sanyaya. A soket ɗin Intel, ƙafafun suna cikin gurbin ne, sirara kamar gashi, kuma lanƙwashewar ɗaya tana iya hana RAM aiki ko ta hana kwamfutar tashi baki ɗaya. A ɗaga ɗan ƙarfen makulli, a ɗauke tsohuwar firosesa ta gefe-gefe, a daidaita alamar kusurwa uku ta sabuwar da ta soket, a ajiye ta a hankali. Ba a danna ta. Idan ba ta zauna da kanta ba, to an juya ta ne. A goge busasshen man sanyaya da sifirit, a ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya, a mayar da ƙarfen, a ɗaure kusoshinsa kaɗan-kaɗan a gicciye, sannan a tabbata an jona wayar fanka. Bayan an kunna, a duba zafin firosesa. Idan yana wuce digiri 90 a lokacin aiki, mai yiwuwa ƙarfen bai zauna da kyau ba.

Ko sauyin ya biya kuɗinsa, wannan ya danganta da inda ciwon yake. Tashi daga ƙwaya biyu zuwa huɗu yana bayyana ƙarara wajen tace bidiyo, zanen hoto da buɗe manhajoji da yawa lokaci guda. Amma kwamfutar da ke daɗewa kafin ta buɗe, tana jan ƙafa wajen kiran fayil, tsohon hadis mai juyawa ne ke riƙe ta, kuma SSD da ƙarin RAM za su fi sabuwar firosesa amfani nesa ba kusa ba. Akwai kuma iyakar da ba a tsallakewa: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman zubi na 8 na Intel ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. Babu firosesar LGA 1155 ko 1150 da ta cika wannan sharaɗi, sai dai a koma Linux.

Masu allunan AMD na soket AM4 su ne suka fi samun riba. Soket ɗin ya fito a 2016, kuma a 2022 kamfanin ya buɗe wa tsofaffin allunan A320, B350 da X370 ƙofar karɓar Ryzen 5000. Allon da aka saya da Ryzen 5 1600 a 2017 yana iya ɗaukar Ryzen 5 5600 bayan sabunta BIOS, ya kuma hau Windows 11 idan aka kunna sashen tsaro na TPM. Abin lura shi ne ita 5600 ba ta da sashen nuna hoto a cikinta, don haka tana buƙatar katin hoto na daban. Mai harafin G a ƙarshen suna, kamar 5600G, ita ce ke aiki ba tare da shi ba. A AM4 ƙafafun suna jikin firosesa ne, kuma busasshen mai yakan manne ta da ƙarfen sanyaya har su fizgo tare. Ana kauce wa haka ta hanyar barin kwamfutar ta ɗan yi aiki ta ɗumama, a kashe ta, sannan a murɗa ƙarfen hagu da dama kafin a ɗaga.